GYAURON ITACEN FAYIN YA ZAMA CIYAWA A NIYU ZILAN

Kowane manomi ya san gyauro. Idan aka girbe dawa ko gero, ƙwayoyin da suka zube a gona sukan kwanta har ruwan farko ya sauka, sa'an nan su tsiro ba wanda ya shuka su. Wani manomin yakan bar su, wani kuwa yakan sa fartanya ya nome su tare da ciyawa, domin ya san sun fito ba bisa layi ba, kuma za su cinye abincin shukar da ya yi da hannunsa. To, abin da watakila mai karatu bai taɓa ji ba shi ne, itatuwa ma suna da gyauro, kuma akwai ƙasar da gyauron itace ya dame ta har Gwamnatinta take kashe miliyoyin daloli, tana tura jiragen sama su yi masa feshin magani. Wannan ƙasa ita ce Niyu Zilan, watau manyan tsibiran nan biyu da ke can cikin tekun Fasifik, kudu maso gabas da Ostareliya. Itacen kuwa shi ne wanda Turawa ke kira fayin.

Fayin dai dogon itace ne miƙaƙƙe, ganyensa siri-siri kamar allura, ba ya kaɗewa rani da damina, jikinsa kuma yana fid da ƙaro mai ƙamshi. 'Ya'yansa suna ɓoye ne cikin wani busasshen kwanso mai ɓawo-ɓawo, wanda ya yi kama da 'yar ƙaramar abarba, kowace ƙwaya kuma tana da ɗan fiffike wanda iska ke ɗaukarta da shi. Wanda ya taɓa ganin itatuwan da ma'aikatan gandun daji suka dasa a Afaka kusa da Kaduna, ko a kan tsaunukan Jos, ko a Ngwo kusa da Inugu, ya ga danginsa. Da katakonsa ake gina gidaje, a yi akwatuna da kujeru, da shi kuma ake yin takarda.

Irin da Niyu Zilan ta dogara a kansa, wanda masana ke kira Pinus radiata, asalinsa daga gaɓar tekun Kalifoniya ta Amurka yake, inda ba a ɗauke shi wani itacen katako na kirki ba. An kai shi Niyu Zilan wajen 1859, sai ya tarad da ƙasa da ruwan sama waɗanda suka karɓe shi, ya riƙa girma da saurin da bai taɓa yi a gida ba. A zamanin kuwa Turawan da suka zauna ƙasar suna ta sare dazuzzukanta na asali, har hukuma ta hango ranar da katako zai ƙare. Saboda haka a shekarun 1920 da 1930 aka shiga dashe gadan-gadan, musamman a filin Kaingaroa da ke tsakiyar Tsibirin Arewa, wurin da tumaki da shanu ba su yin ƙiba sai rama da mutuwa, abin da daga baya aka gane rashin sinadarin kobal ne a ƙasar wurin ya jawo. Filin da ya ƙi dabba sai ya karɓi itace. Yau gandayen da aka dasa a ƙasar sun kai kimanin hekta miliyan 1.8, kashi tara cikin goma kuwa duk wannan iri ne guda. Ana sare shi yana da kimanin shekara 28, mafi yawan gungumen da ake fitarwa waje kuma ƙasar Sin ce ke saye.

BAYAN AN SARE GANDU

Matsalar tana farawa ne ranar da aka gama sara. Wannan itace yana da wata ɗabi'a: kwansonsa yakan zauna a rufe a jikin reshe shekara da shekaru, ƙwayoyin suna ciki da ransu, ba ya buɗewa sai ya ji zafi. A can Kalifoniya wutar daji ce ke buɗe shi. A gandun katako kuwa, da zarar an kayar da itatuwa an kwashe gungume, sai a bar rassa da kwansonsu zube a fili, rana ta dake su, su buɗe, iri ya zube a kan ƙasar da motocin ja suka riga suka barbaje, ba inuwa, ba abin da zai tsare masa haske. Ko da gangan aka gyara wa iri wuri, iyakar abin da za a yi masa ke nan. Kafin shekara ta kewayo sai a ga tsiro ya fito dubbai a hekta guda, alhali kuwa abin da mai gandu yake nufin dasawa bai wuce kimanin dubu ɗaya ba.

Mai karatu zai iya cewa, to, ai wannan arziki ne, ga dashe kyauta, me zai sa a kashe shi a koma sayen wani? Tambaya ce mai ma'ana, kuma a wasu wurare an gwada barinsa. Amma amsar masu gandu ita ce, abin da suke sayowa daga wuraren renon itatuwa ba iri ne na kawai ba. Tun shekarun 1950 masanan cibiyar binciken gandun daji da aka kafa a garin Rotorua a 1947 suke zaɓen itatuwan da suka fi miƙewa, suka fi saurin girma, suka fi jure cuta, suna haɗa su aure, suna sake zaɓe cikin 'ya'yansu. Dashen da za a sa yau ya fi wanda aka sa shekara 28 da suka wuce, gyauro kuwa ɗan wancan tsohon ne, kuma ba wanda ya san ubansa, tun da iska ce ta kawo garin furen. Ban da wannan, ga cunkoso. Itatuwan da suka taso a matse sukan yi tsawo ba kauri, kamar geron da ba a cire ba, katakon da ke kawo kuɗi kuwa sai daga gungume mai kauri. Abin da ya fi duka ɓata wa mai gandu rai shi ne, bayan 'yan shekaru layi yakan ɓace, ma'aikacin da aka tura da zarto mai inji ya rage itatuwa ba zai iya bambanta wanda aka saya da wanda ya fito da kansa ba. Yana iya kayar da mai tsada ya bar na banza, ba kuwa za a gane ba sai ranar awo.

A dā wuta ake sa wa filin bayan sara, ta cinye rassa da tsiro baki ɗaya. Amma saboda hayaƙi, da tsoron kada wuta ta ƙwace ta shiga gandun maƙwabta, da kuma ganin tana ƙone abin da zai ruɓe ya zama taki, wannan al'ada ta ja baya ƙwarai. Maganin feshi ne ya maye gurbinta.

MAGANI BA YA TAMBAYAR WA YA SHUKA

A nan ne wuyar al'amarin take. Magungunan kashe ciyawa da ma'aikatan gandu suka fi amincewa da su, an zaɓe su ne musamman domin ba su taɓa fayin. Bayan an yi dashe akan fesa haɗin magunguna biyu, tabutilazin da hegzazinon, wanda na biyun aka sani da sunan ciniki Velpar. Aikinsu shi ne hana ganye sarrafa hasken rana ya zama abinci, sai ciyawa da ƙayoyi su bushe, fayin kuwa jikinsa yana jure su, ya tsaya kore shar a tsakiyar busasshen fili. Wannan alheri ne ga dashe, amma alheri ne ga gyauro ma, domin magani ba ya tambayar wa ya shuka. Hasali ma ya share masa abokan gasa ke nan. Maganin da zai kashe gyauro kuwa lalle ne ya kashe dashe, tun da jini ɗaya ne.

Saboda haka dama guda ce tak ake da ita, watau tsakanin sara da sabon dashe. Masu gandu sukan bar filin ya huta, sau da yawa har tsawon lokacin zafi guda, da gangan, domin irin da ya zube ya gama tsirowa. Mai karatu ya tuna cewa ƙasar tana kudu da tsakiyar duniya, lokutanta a juye suke: sanyinsu daga Yuni zuwa Agusta ne, a lokacin ne kuma ake dashe. Don haka wajen Fabrairu zuwa Afrilu, sa'ad da tsiro ya fito yana da ganye ɗanye, sai jirgin sama mai saukar ungulu ya bi filin layi-layi yana feshi.

Abin da aka fi fesawa haɗi ne na gilaifoset da metsalfuron. Gilaifoset ba baƙo ba ne ga manomanmu, shi ne ke cikin Roundup, wanda ya shiga kasuwa a 1974, da sauran magungunan da ake fesa wa gona kafin shuka. Ta ganye yake shiga, ya bi jijiyoyin tsiro har saiwa, ya toshe hanyar da tsiron ke bi wajen ƙera wasu sinadaran gina jiki. Da ya taɓa ƙasa kuwa sai ya manne da ita, ba ya kashe abin da bai riga ya tsiro ba. Shi kuwa metsalfuron ƙarfinsa ya kai ana auna shi da giram-giram ne a hekta, kuma yana ɗan daɗewa a ƙasa, shi ya sa dole a jira makonni masu yawa kafin a kawo dashe, in ba haka ba a kashe abin da aka saya. Akwai kuma abu na uku da ake zubawa a cikin tankin, wanda shi ba guba ba ne. Ganyen fayin siriri ne, kuma yana da wani kaki a jikinsa, ɗigon ruwa yakan mirgine ya faɗi kamar a bayan agwagwa. Sai an sa sinadarin da ke sa ruwa ya baje ya ratsa kakin, sa'an nan magani ya kama.

Lokaci shi ne kome a wannan aiki. Idan aka yi gaggawa aka fesa tun iri bai gama fitowa ba, na baya zai taso bayan an yi dashe, sa'ad da ba halin sake feshi. Idan kuma aka yi jinkiri har tsiro ya yi ƙwari, ko fari ya sa ya daina girma, sai magani ya ƙone masa kai kawai, ya sake tofowa daga ƙasa. Rassan da aka bari a tsibe su ma sukan yi wa na ƙarƙashinsu laima. Duk wanda ya tsira kuwa ba sauran dabara sai hannu: a tura mutane su bi layi su tumɓuke, ko su datse, tun ana iya gane layin. Sa'a guda da ake da ita ita ce, wannan itace ba kamar dalbejiya ba ne da za a sare ta ta sake tofowa. Muddin aka yanke shi ƙasa da reshensa na ƙarshe, ba a bar masa ganye kore ko ɗaya ba, ya mutu ke nan.

DA IRI YA TSALLAKE SHINGE

Duk abin da muka faɗa zuwa yanzu sha'anin riba da hasara ne na mai gandu. Amma iri mai fiffike bai san iyakar gandu ba, kuma wanda ya tsallake shinge ya zama matsalar ƙasa baki ɗaya.

Babban mai laifi a nan wani ɗan'uwan radiata ne, Pinus contorta, ɗan asalin yammacin Amurka ta Arewa, mai jure sanyi da ƙanƙara. An dasa shi a gandun Karioi kusa da dutsen Ruapehu tun shekarun 1920 da 1930, daga baya kuma, daga shekarun 1950 zuwa gaba, ita kanta hukuma ta dasa shi a kan tsaunukan Tsibirin Kudu, kamar Mid Dome da Craigieburn, da kyakkyawar niyya, domin ya tsare zaizayar ƙasa. Abin da ba a lissafa ba shi ne, wannan iri yana fara 'ya'ya tun yana ɗan shekara biyar zuwa takwas, ƙwayarsa ba nauyi, kuma an dasa shi a kan tuddai inda iska ta fi ƙarfi. Guguwa guda tana iya kai iri nisan kilomita da yawa. Da fari sai a ga itace ɗaya nan, ɗaya can, har ma ya yi wa wurin kyau. Kowane ɗaya kuwa idan ya isa sai ya kewaye kansa da 'ya'ya, cikin shekara ashirin ko talatin filin kiwo ya zama kurmin da ko tunkiya ba ta ratsawa. Katakonsa kuma ba ya biyan kuɗin sara, domin karkatacce ne mai yawan rassa. A 2001 aka sanya shi cikin jerin abubuwan da doka ta hana sayarwa ko yaɗawa.

Ƙiyasin da hukuma ta yi wajen 2015 ya nuna cewa irin waɗannan itatuwa, fayin da danginsa, sun bazu a fili mai faɗin hekta miliyan 1.8, watau kusan daidai da faɗin dukan gandayen da aka dasa da niyya, kuma suna ƙaruwa da kashi 5 cikin 100 kowace shekara, kimanin hekta 90,000 ke nan. Hasarar ba ta kiwo kaɗai ba ce. Suna kashe ciyayi da furanni na asalin ƙasar, waɗanda da yawansu ba a samunsu ko'ina a duniya sai can. Suna shanye ruwan da zai gangara koguna, alhali daga koguna ƙasar ke samun fiye da rabin lantarkinta. Sa'an nan ga wuta. A watan Oktoba na 2020 gobarar daji ta cinye gidaje kusan 50 a ƙauyen da ke bakin tafkin Ohau, kuma waɗannan itatuwa suna cikin abin da ya ba ta abinci. Allah ya kiyaye ba a yi hasarar rai ba.

A 2016 Gwamnati ta kafa shiri na ƙasa domin yaƙarsu, da dalar Niyu Zilan miliyan 16 na shekara huɗu, a 2020 kuma ta ware miliyan 100 na wasu shekaru huɗu. A wannan fagen ba dashen da ake tsoron kashewa, saboda haka hannun ma'aikata a sake yake, sai dai wurin ne ke da wuya: duwatsu da kwazazzabai inda mota ba ta zuwa. Ƙananan tsiro tumɓuke su ake yi. Manya akan huda musu rami a gindi da injin huda a ɗura magani, su bushe a tsaye. Matsakaita kuwa akan jiƙa musu ɓawon gindi da tiraikilofir da aka narka cikin mai, domin mai yana ratsa ɓawo. Wannan magani yana kwaikwayon sinadarin da ke sa tsiro girma ne, sai itacen ya shiga girma ba tsari, jijiyoyinsa su murɗe su toshe. Dabarar da ta fi ban mamaki ita ce wadda ake yi wa itatuwan da suka warwatsu ɗai-ɗai a kan tsaunuka: jirgi mai saukar ungulu ya tsaya cak a kan itacen, mutum ya miƙo doguwar sanda mai bututu ta ƙofa, ya zuba masa maganin, su wuce na gaba. Abin da zai ci wa mai tafiya da ƙafa yini guda sai a gama shi cikin 'yan mintoci. Inda ya riga ya zama kurmi kuwa sai feshin gaba ɗaya daga sama, da haɗin magunguna har huɗu masu ƙarfi da ruwa mai yawan gaske, domin ya jiƙa ganye har ƙasa. Bambancin kuɗin ma abin lura ne: share tsiron da ya warwatsu daloli kaɗan ne a hekta, share kurmi kuwa dubbai. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

BA KOWA YA YARDA BA

Kada mai karatu ya zaci mutanen ƙasar duk sun yi na'am da wannan feshi. Suna da dalilin tsoro a tarihinsu. Niyu Zilan tana cikin ƙasashen da suka fi daɗewa suna yin maganin nan 2,4,5-T, wanda aka samu yana ɗauke da gubar dayoksin, ba a daina yinsa a masana'antar garin New Plymouth ba sai 1987, bayan ƙasashe da yawa sun bar shi. Gilaifoset ma akwai gardama a kansa. A 2015 hukumar binciken ciwon daji da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin abubuwan da mai yiwuwa ne suna jawo ciwon daji, amma hukumomin Amurka da na Turai ba su yarda da haka ba, har a 2023 Tarayyar Turai ta sabunta masa izini na shekara goma. Hegzazinon kuwa yana narkewa cikin ruwa, ruwan sama yana iya wanke shi zuwa rafi, shi ya sa ake barin tazara tsakanin wurin feshi da bakin ruwa, ba a kuma tashi jirgi idan iska tana kaɗawa.

Masu gandu suna kare kansu da cewa su sau ɗaya zuwa uku suke fesa wa fili cikin shekara 28, manomin hatsi kuwa kowace shekara. Wannan magana tana da ƙarfi, kuma a ganina ta fi ƙarfi a cikin gandu, inda aka san filin, aka san ranar dashe, aka san abin da zai rufe ƙasa bayan feshi. A kan tsaunuka al'amarin bai kai haka sauƙi ba. Kurmin da aka fesa yakan tsaya busasshe shekaru yana jiran wuta, ragowar wasu magungunan tana daɗewa a ƙasa, abin da ke fara fitowa bayansa kuma sau da yawa baƙuwar ciyawa ce, ba tsiron asali da ake marmarin dawowarsa ba. Kashe itacen abu ɗaya ne, mayar da wurin yadda yake dā wani aiki ne dabam.

Akwai kuma rigimar wa zai biya. Makiyayin da iri ya faɗo masa daga gandun maƙwabci yana ganin mai gandu ne ya kamata ya ɗauki nauyi. Masu gandu kuma suna cewa mafi yawan ɓarnar daga tsofaffin dashen hukuma ta fito, ba daga radiata da suke nomawa ba, wanda ƙwayarsa ta fi nauyi, kuma ba ya son sanyin kan tudu. Tun 2018 dai doka ta wajabta wa mai son dasa sabon gandu ya fara lissafa hatsarin bazuwar iri, bisa la'akari da irin itacen, da yadda iska ke bugun wurin, da irin kiwon da ake yi a filayen da ke gaba da shi, domin tumaki suna cinye ƙananan tsiro. Idan lissafin ya haura iyaka sai ya nemi izini na musamman.

Abin da ya fi damun ma'aikatan shirin shi ne komawa. Irin da ya riga ya zube yana iya zama da rai a ƙasa 'yan shekaru, don haka filin da aka share bana dole a sake bin sa bayan kamar shekara uku, a kuma sake, har sai an tabbata ba wanda ya kai ga yin kwanso. Idan aka tsallake zagaye ɗaya, kuɗin da aka kashe a baya ya tafi. Bayan da miliyan 100 ɗin nan suka ƙare, kason da aka tsayar wa shirin ya sauko zuwa dala miliyan 10 a shekara, sai ɗan ƙarin da aka riƙa yi jefi-jefi, majalisun yankuna da ƙungiyoyin manoma kuma suka yi ta kukan cewa bai isa a koma wuraren da aka riga aka share ba. A gefen dutsen Ruapehu kuwa, inda irin Karioi ya fara sauka, tun shekarun 1960 'yan sa-kai daga ƙungiyoyin masu hawan duwatsu suke fita su jeru sahu-sahu suna tumɓuke tsiro da hannu, kuma har yanzu suna samun abin tumɓukewa.